Wandon Kabo a Dajin Bama

Kabo na Ƙofa, Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, dogo ne siriri mai ƙafafu kamar na zalɓe, kuma tun yana yaro ba a taɓa cim masa a guje ba. Da a ce gudun tsere ne, da abin alfahari ne. To ba na tsere ba ne. In kare ya yi haushi a Ƙofa, kafin ya rufe baki Kabo ya kai Kusada.

An yi masa baiko da Rabi, ɗiyar Dawuda na Rimaye. Tana son sa, yana son ta, iyaye sun shirya, an tsayar da biki bayan kaka. Shi Dawuda tsohon soja ne, gajere mai tumbi, ya yi wa Turawa aiki da ƙuruciya ya dawo gida ya kama noma. Amma ko gona za shi, tafiyar fareti yake yi, fartanya a kafaɗa kamar bindiga.

Ana nan, ran wata kasuwar Kankiya, sai aka ji ihu daga wajen mahauta: "Sa ya tsinke! Sa ya tsinke!" Kabo bai tsaya ganin san ba. Ya tsallake masu fura, ya yi fatali da tallan daddawa, ya duba babu bishiya kusa. Sai ya cafki wani mutum ta baya, ya damƙe rigarsa da hannu biyu, ya tura shi gaba ya laɓe a bayansa yana cewa, "Bawan Allah, yi haƙuri, kai ka riga ka tsufa, ni aure zan yi!"

Dabbar ta iso. Ashe maraƙi ne, ko ƙaho bai tsiro masa ba. Ya shinshina hannun mutumin, ya lashe shi, ya wuce. Mutumin ya waiwayo a hankali. Dawuda ne.

Kashegari saƙo ya iso Ƙofa. Dawuda bai fasa ba da ɗiyarsa ba, amma babu biki. "Sai ranar da na gani da idona yaron nan ya tsaya wuri guda, abin tsoro na tunkaro shi. Ba labari nake so ba. Da idona."

Da Kabo ya je zance, Rabi ta fito tana danne dariya da bakin gyale.

Ta ce, "Maraƙi, Kabo?"

"Daga nesa ya fi haka girma."

"Ai an ce ba ka ma gan shi ba."

"To, muryarsa dai ta babba ce."

"Muryar mahauci ka ji." Ta zauna a bakin tabarma, dariyar ta ƙare. "Ni ba inda za ni, ina nan. Amma ka san Baba. In ya ce da ido, to da ido ne. Ka tsaya ko sau guda ne, don Allah."

Shekarar nan yaƙin Turawa ya yi zafi, aka aiko wa dagatai su ba da samari. Kabo na da taubashi a Sukuntuni, wai shi Buba, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa sai in abinci na ciki. Shi ya zo ya zuga shi.

"Kai ba ka da wayo. A soja sahu ake yi. Ka shige tsakiya, mutum gaba mutum baya, ko ka so gudu ba hanya. Ka dawo da kaki, kowa ya ce ka tsaya."

"Baban Rabi fa ya ce da idonsa."

"To kakin da hanci zai gan shi?"

Haka suka shiga, su biyu. Aka kai su bariki a Zariya, aka aske su tal, aka ba su takalma masu nauyin turmi. Kabo ya soma jin daɗi, don a wajen gudun safe har Bature ya yaba masa. Sai rannan aka jera su aka ce ga kofur ɗinsu ya iso, tsohon hannu ne da aka sake kira daga gida. Kabo ya hango tumbi na tahowa, da wata tafiya da ya sani.

Nan take ya yar da bindiga, ya duƙa yana kokawa da igiyar takalmi, ya tuɓe su, ya durƙusa a tsakiyar fareti, kai ƙasa.

"Baba, an zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Hafsan da ke kansu wani Bature ne da sojoji suke kira Mai Lofe, don ko harbi ake lofen taba na bakinsa. Yana jin Hausar bariki. Ya tako ya ce, "Wannan soja, ciki ciwo?"

Buba ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe, surukinsa ne."

Aka yi ta yi wa Mai Lofe bayani, cewa mutum ba ya tsayawa ƙiƙam gaban uban matarsa, ba ya kallon idonsa, ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci yana gani. Ya saurara har lofen ya mutu, sa'an nan ya ce a soja babu suruki, ya sa Kabo ya zagaya fili da buhun yashi. Daga ranar Kabo ya bar tuɓe takalmi a fareti. Amma in sun haɗu a bakin rijiya ko a hanyar masallaci, sai ya tuɓe. Don kada ya riƙa ɓata wa Baba lokaci, ya ƙago wani ɗauri wanda fizga ɗaya yake kwancewa.

Buba ya ce, "Duk bataliyar nan ba mai cire takalmi kamar ka, Ango. Da da shi ake yaƙi, da tun a nan mun gama da Jafan."

Shi ma Dawuda, duk da taurin kansa, ɗan gida ne. Ba ya yi wa Kabo magana kai tsaye. Ko suna kafaɗa da kafaɗa sai ya nemi Buba.

"Buba, gaya wa wancan bindigarsa ta yi tsatsa."

"Ango, an ce bindigarka ta yi tsatsa."

"Gaya wa Baba an gode, za a goge."

"An ce kuma ka ba ni sukarinka na yau."

Dawuda ya ce, "Ban ce ba."

"Ango, an ce ba a ce ba."

Aka kai su Ikko, aka zuba su a jirgin ruwa. Suka yi ta tafiya a kan ruwan da ba shi da gaɓa, har Indiya, daga nan aka shige da su dajin Bama da ƙafa. Daji ne wanda rana ba ta taɓa ƙasa. Gora ta fi rimi tsawo, ruwan sama ba ya ɗaukewa sai dai ya huta, komai ruɓewa yake yi a jikin mutum. Bantuna tuni suka narke, duk rundunar ba mai shi, daga wando sai fata. Ga matsattsaku, baƙar tsutsar nan mai shan jini. A gida sai a tafki ake gamuwa da ita, can kuwa har kan ganye take zaune tana jira, ta bi ta ƙafar wando ta hau inda ba a faɗi.

Abinci ya zame wa Kabo wahala. A bariki akwai lungu, a daji kuwa wuri guda ake zama a ci. Sai ya ɗauki kwanonsa ya zagaya bayan gora, ya ba jama'a baya. Rannan biri ya sauko ya ɗauke kwanon gaba ɗaya. In ba wurin ɓuya, sai ya ce ya ƙoshi, Buba ya taimaka masa. Kabo ya ƙara zama sanda, Buba ya yi kumatu a tsakiyar yaƙi.

Da yake babu hanyar mota, jirgin sama ke jefo musu abinci. Ran da aka fara, Kabo ya ɗaga kai ya ga wani abu na sulmiyowa daga sama. Bai yi shawara da kowa ba. Sai da aka aika mutum ya kirawo shi daga wani kwazazzabo. Ya dawo ya tarar ana kwance buhun shinkafa.

Dawuda ya ce, "Buba, gaya wa wancan na gani."

Buba ya ce, "Ango, an gani. Da ido."

Ranar Kabo ko bayan gora bai je ba. Ya zauna yana tuna Rabi a bakin tabarma. Ya ga in haka aka ci gaba, zai koma Ƙofa da kaki da komai, kuma a banza.

Abin da ya faru ya faru ne da hantsi. An tura su sintiri, su kaɗan, da Mai Lofe a gaba. Suka ƙetare wani rafi mai ruwa iya ƙugu. A ɗaya gaɓar akwai tudu mai duhun gora, da 'yar siririyar hanya guda ɗaya tak da ta hau daga mashigin, dama da hagu duk sarƙaƙiya ce da ko akuya ba ta ratsawa. Aka sa Kabo ya hau gaba kaɗan ya kwanta ya sa ido, sauran suka zauna a ƙasa suna matse kaya.

Dawuda ne ya ƙetaro a ƙarshe. Tun a cikin ruwa ya ji ana cin sa. Ya zagaya bayan wani gungume da ya faɗi daidai bakin mashigin, ya tuɓe wando ya rataya a reshen gora, ya kunna taba yana ɗosa wa matsattsakun wuta ɗaya bayan ɗaya.

Sai tudun ya tsage. Ashe mutanen Jafan na can sama da bindiga mai ruwa, irin wadda ke zubo harsashi ba tsayawa. Abu na farko da suka hanga shi ne wando na reto a kan reshe, suka ɗauka mutum ne, suka yi masa ruwan wuta. Wandon ya tashi sama ya faɗa rafi. Harsashi ɗaya ya sami Dawuda a sha-raɓa, ya zube bayan gungumen.

Mai Lofe ya busa usur, ya ce kowa ya koma ƙetare. Aka ruga cikin ruwa.

Wannan umarni kuwa Kabo ya daɗe yana jiran sa. Tun da ya shiga soja ba a taɓa ce masa ya yi abin da ya iya ba sai yau. Ya zabura ya juya, ƙafa ta riga ta ɗaga. Sai ya hango wando na tafiya a kan ruwa, ƙafafunsa a baje. Ya san wandon, don ba mai faɗin ƙugu irin wannan sai mutum ɗaya. Ya ga hayaƙin taba na tashi bayan gungume. Ya dubi hanya, ya ga ta gaban gungumen ta bi, ba wata.

Ya juyo da fuskarsa tudu da sauri, ya faɗi rub da ciki.

Ƙafafunsa suna roƙonsa ya gudu. Harsashi na yanke ganye a kansa. Amma ya wuce ta gaban Baba a haka? Ya gan shi? Da wane ido zai sake shiga Rimaye? Da ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya ɗana bindiga ya shiga harbi sama, wajen da wutar ke fitowa. Mutanen tudu suka bar masu ƙetare ruwa suka juyo da bakin bindigarsu kansa. Da haka duk sauran suka haye lafiya, suka faɗa cikin ganye a ɗaya gaɓar, inda ba sa ganin komai sai jin ƙara.

Can harbin ya lafa. Sai Kabo ya ji murya daga baya, ƙasa-ƙasa.

"Buba."

Shiru.

"Buba!"

Babu Buba. Dawuda ya yi gyaran murya, ya fuskanci wata gora da ke gabansa.

"A gaya wa wanda ke gaba, an busa usur. Shi gudu."

Kabo ya dubi wani dutse kusa da hancinsa ya ce, "A gaya wa Baba babu hanya."

"A gaya masa ga hanya nan ta gabana."

"A gaya wa Baba shi ya sa."

Wani tsuntsu ya yi kuka.

"A gaya masa shi runtse ido shi wuce."

"A tambayi Baba, shi fa?"

"A gaya masa ƙafa ta ƙi. Kuma ko ta yarda, ba ni fita gaban yara haka. Nan za a same ni."

Kabo ya san da gaske yake. Mutumin nan zai zauna bayan gungume jini na zuba har mutanen tudu su sauko, a kan ya bari a ɗauke shi tsirara. Ya tuna Rabi. In ya koma ba tare da ubanta ba, mi zai ce mata ya hana?

Ya miƙa hannu ya fizgi igiyar takalmi, dama da hagu, suka fice kamar yadda suka saba. Ya zame wandonsa yana kwance, ya dunƙule shi, ya yi bisimilla, ya wurga ta saman kansa ba tare da ya waiwaya ba.

"A gaya wa Baba ga saƙo nan."

Ya ji faɗuwarsa, ya ji an ja shi. Ya ji nishi.

"A gaya masa ya iso. A gaya masa ƙugun ya yi kaɗan."

"A ba Baba haƙuri."

Sai a lokacin iska ta taɓa shi. Kabo ya yi sanyi tun daga wuya har ɗan yatsa. Rigar soja gajera ce. Yana kwance rub da ciki a kan gangare, kansa sama, ƙafafunsa ƙasa, kuma a ƙasan nan Baba ne, wanda yanzu ya sami wando, ba abin da zai hana shi ɗago kai.

Ya duba dama, sarƙaƙiya. Hagu, sarƙaƙiya. Baya, Baba. Babu wurin da zai rufe mutum sai duhun gorar nan na sama, inda bindigar take.

Ya zari adda ya tashi.

Duk gudun da Kabo ya yi a duniya, na kare da na maraƙi da na buhun shinkafa, koyo ne. Ran nan ya yi na gaske. Ba takalmi, ba wando mai riƙe gwiwa, yana tsalle yana kaucewa kamar yadda ya tsallake masu fura a Kankiya. Suka buɗe wuta, amma duk inda suka auna ya riga ya bar wurin. Ya faɗa cikin gorar, ya ɓullo ta gefen raminsu.

Mutane ne 'yan kaɗan, yunwa ta cinye su kamar kowa a dajin. Sun kafa sanduna sun ɗaura tamfol a kan bindigar saboda ruwa. Suka ɗaga kai suka ga dogon mutum a kansu, riga a sama, ba komai a ƙasa, adda a hannu, ido a waje, yana kururuwa, "Ku rufe ido! Ku rufe ido, 'yan banza!"

Kabo bai ga bindiga ba, bai ga mutane ba. Tamfol ya gani. Ya cafke shi ya fizga da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Igiyoyin na ɗaure da sanduna, sandunan na harɗe da ƙafafun bindigar. Duk suka taho tare. Bindigar ta kife, ta gangara tudu tana ƙara kamar an saki tukwane. Ɗaya daga cikinsu ya kawo masa suka da wuƙar bakin bindiga, ta tsaga masa kafaɗa. Kabo ya kai sara da adda, hannu guda na riƙe da tamfol a ƙugu, yana ihu yana juyi. Ko sun ɗauka runduna ce a bayansa, ko sun ɗauka aljanin dajin ne, Allah kaɗai ya sani. Suka bar ramin suka shige gora.

Ya tsaya yana haki. Ya ɗaura tamfol ɗin a ƙirji kamar zanen wanka, ya sauko yana jan sa a ƙasa, jini na bin hannunsa. Da ya kusa gungumen ya yi sallama, ya juya baya, ya durƙusa.

"A gaya wa Baba ya hau."

Haka ya goyo shi suka ƙetare rafin. Sojoji suka fito daga ganye suka ga Kabo da zane, Kofur a bayansa da wando wanda ƙafafunsa suka wuce yatsu suna ja a ruwa, ƙugun a buɗe ya riƙe da hannu. Buba ya buɗe baki, ya rufe, ya koma bayan bishiya. Aka daɗe ana jin bishiyar na shessheƙa.

Da aka ɗaure musu raunuka, aka hau aka ɗauko bindigar, Mai Lofe ya zo ya tsuguna gaban Dawuda. Ya ce aikin da sojan nan ya yi na lambar girma ne, amma dokarsu sai da shaida wanda ya gani da ido. Su suna ƙetare, ganye ya tare su.

"Kofur, kai kana nan. Ka gani ya hau tudu?"

Kabo na gefe, kai ƙasa. In Baba ya ce ya gani, to ya samu Rabi, amma Baba ya gan shi a yadda uwarsa ta haife shi, ya kuma faɗa gaban jama'a. In ya ce bai gani ba, mutunci ya tsira, Rabi ta tafi. Ya rasa wanne zai roƙa.

Dawuda ya dubi Bature ido cikin ido ya ce, "Ban gani ba, ranka ya daɗe. Idona a rufe yake."

"A rufe? Cikin yaƙi?"

"Hayaƙin taba ne ya shiga."

Mai Lofe ya cire lofen ya dube shi, ya dubi wandon, ya dubi tamfol. Ya mayar da lofen baki ya tashi. Lamba dai ba a ba da ita ba.

Kabo ya ji sanyi a ransa, sa'an nan ya ji kamar an ɗora masa dutse. Har yaƙi ya ƙare, har aka sake zuba su a jirgin ruwa, ba wanda ya ta da maganar. Dawuda na ɗingishi, yana aika Buba kamar da. Kabo ya dawo Ƙofa da tabo a kafaɗa. Bai je Rimaye zance ba, don ba shi da abin faɗi.

Ba a yi mako ba aka aiko kiran iyayensa, aka ce shi ma ya zo, da Buba. Suka tarar da dattawa a zaure, liman na nan. Kabo ya tuɓe takalmi tun daga bakin masallaci, ya rakuɓe a bakin ƙofa. Rabi na bayan zana, tana jin komai.

Dawuda ya ce, "Jama'a, kun ji na ce ba ni ba da ɗiyata sai na ga yaron nan ya tsaya da idona. To kowa ya gudu ya bar ni, shi bai gudu ba. An ce shi gudu, ya ƙi. Daga baya ya yi gudun, amma gaba ya yi. A sa rana."

Wani ƙanen Dawuda, mai son bin diddigi, ya ce, "To Yaya, mu dai mun ji an ce ka gaya wa Bature ba ka gani ba. Ka gani, ko labari ne?"

Dawuda ya shafa gemu, ya dubi rufin zaure ya daɗe.

Ya ce, "Na gani. Daga wuya zuwa sama."

Liman ya ce, "Daga wuya kuma?"

"Nan ne ake gane mutum."

Buba ya tashi da gudu ya fita, wai tari ya sarƙe shi.

Aka yi biki bayan kaka, kamar yadda aka so tun farko. Da aka kawo gara daga Rimaye, a ƙarƙashin masakin shinkafa aka sami wani ƙunshi. Rabi ta kwance, ta ga tsohon wandon soja, wankakke, a ninke, an ɗinke inda ƙugun ya yage. Ta ɗaga shi ta ce, "Wanga fa?" Kabo ya fizge ya cusa a ƙarƙashin gado, ya ce Baba ne da barkwanci. Ita kuwa ta san ubanta bai taɓa barkwanci ba.

Bai gaya mata labarin wandon ba sai bayan Dawuda ya rasu, shi ma sai da ya juya ya fuskanci bango. Ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa, sa'an nan ta yi kuka, don ubanta ne.

Bai bar tsoron kare ba har ya tsufa. Wandon kuwa ta adana shi a adudu. Duk shekara in damina ta wuce sai ta fito da shi ta shanya a kan igiya don kada ya yi fumfuna, shi kuma duk inda yake sai ya rugo ya fizge, kada maƙwabta su gani su yi tambaya. Ba ta taɓa samu ya sha rana yadda ya kamata ba.

Bana, bayan rasuwar Kabo, da ruwa ya ɗauke ta fito da shi ta shanya. Ta zauna a bakin ɗaki tana kallonsa. Yana nan a kan igiya har ya bushe.